Ranar da Zacchaeus Ya Zauna

Ƙanena Zacchaeus tun yana ciki bai bar uwarmu ta runtsa ba, haka ta sha gaya mana, kuma da ya fito duniya bai sake hali ba. Ni Murna ni ce babbarsa, ni na goya shi, saboda haka ba mai ba ni labarinsa. Ki zaunar da shi a tabarma ki juya ki ɗauki ludayi, sai dai ki tsinto shi a bayan rumbu yana kwance abin da ba a sa shi ba. Mutanen unguwarmu ta Barade suka ce yaron nan ya ci ƙafar kare. Babanmu ya ce ai ba ƙafar kaɗai ba, har da karen ya haɗiye.

Makaranta ya yi ta zuwa tsakiyar sakandare, ya ce benci yana cin masa jiki. Ya koyi gyaran keke ya bari. Ya koma gyaran agogo, ya bari. Ya bi wani mai injin niƙa zuwa garin Iware, damina ɗaya ya dawo da ƙunar inji a hannu da tsohuwar rediyo a hammata. Shekarar da aka ba mu jiha Jalingo ta zama babban birni, ma'aikata suka yi ta kwararowa daga Yola da Kudu da ko'ina, kowa da talabijin ɗinsa da bidiyonsa a bayan mota. A nan Zacchaeus ya kama shago a unguwar Yelwa ya ce ya samu sana'a. Na ce za mu gani.

Gaskiya hannunsa na da albarka, ba zan ci haƙƙinsa ba. Talabijin ɗin da wasu suka ce a jefar, shi zai buɗe shi, ya sunsuna, ya ɗiga dalma wuri biyu, sai ga hoto. Aibinsa ɗaya ne: da abu ya fara aiki, zuciyarsa ta riga ta tafi kan wani. Rediyonka zai yi magana, amma murfin baya sai ka yi ta binsa. A tsaye yake cin tuwo. A coci kusa da lasifika yake zama don ya samu dalilin tashi. Matarsa Alisabatu ta taɓa ce min, "Adda, ni fa iska na aura, sai dai in ji wucewansa." Na yi dariya, amma abin yana ba ni haushi, don na san wata rana wannan ƙafar za ta taka abin da ba ya gyaruwa.

Ni tela ce, kuma cikin masu kawo min ɗinki akwai Madam Beatrice, malamar sakandare, mutuniyar wajen Kalaba. Ita da Hausa sai "sannu" da "na gode". A gidanta Turanci ake yi, 'yarta ƙarama Victoria ma da shi ta buɗe baki. Mijinta Mista Philemon malamin gona ne, dogon mutum mai dariya da dukkan jiki, kullum yana ƙauye wurin manoma. Ni na haɗa su da Zacchaeus lokacin da bidiyonsu ya fara tauna kaset, kuma har yau ban san ko alheri na yi musu ba.

Bai ko gama da bidiyon ba idonsa ya faɗa kan kwamfuta a kusurwar falo. Wan Madam da ke Landan ne ya aiko da ita, tsohuwa, tare da tarin mujallu da faifai, da wani kati da ake cusawa cikinta a jona mata eriya ta kama talabijin. Mista Philemon ya ce burinsa ke nan: ta riƙa ɗaukar musu labaran Turanci da shirin manoma in ba su gida, don shi bidiyo da an ɗauke wuta agogonsa ya manta komai. Ya nuna masa wani faifai da aka rubuta Linux a kansa, ya ce in aka zuba wannan a cikinta za a iya ba ta umarni da rubutu, ta tashi aiki da kanta a lokacin da aka ce mata.

Shi ke nan, an ba mahaukaci ganga. Zacchaeus ya rufe shago rabin yini ya tare a gidan. Turancinsa na makaranta ya ƙare a hanya, amma ya sa mujallun nan a gaba yana bin su da yatsa, Mista Philemon yana fassara masa abin da ya shige masa duhu. Allon baƙi ne wuluk, sai farin rubutu, ka buga ka jira ta amsa. Yau hoto ya fito babu murya, gobe murya ta fito hoton ya zama ruwan toka. Ya hau rufi ya juya eriya, ya sauko, ya sake hawa. Ya samo batirin babbar mota ya haɗa mata yadda ko an ɗauke wuta ba za ta mutu ba. Ya zo shagona yana kai da kawo tsakanin keken ɗinki da ƙofa kamar kaza za ta yi ƙwai.

"Adda, wannan abu ba wasa ba ne. Kwamfuta zai kama tasha da kansa, ko kina kasuwa."

"To zauna ka gaya min."

"Ba lokaci," ya ce, ya fice.

Ba su gama ba Mista Philemon ya kwanta, zazzaɓi na 'yan kwanaki, cikin watan Agusta na 1999 ya rasu. Ni na ɗinka wa Madam baƙaƙen kaya. Mutumin da ke cika falo da dariya, sai ga falon shiru, har tsoro nake ji in na kai ɗinki.

Zacchaeus ya yi kuka, sannan ya koma kan kwamfutar shi kaɗai, ya ce sai ya cika wa mamaci burinsa. Ya goge komai ya sake zubawa daga farko. A cikin tambayoyin da take yi wa mai zubawa har da harshe, da kuma garin da za ta bi agogonsa. Harshe ya zaɓi Turanci, tunda masu gidan shi suke ji. Da aka zo kan gari ya ga Legas a jerin, ya ga Landan, ya ce a ransa ai injin Turanci ne, na masu Turanci, daga Landan ya zo, a bar shi da garinsu kada a ruɗa shi. Ya duba agogon hannunsa, lokaci ya yi daidai da namu cif. Ya wuce gaba. Mu da muka tashi muka ga rana tana fitowa yadda ta saba, wa zai kawo a ransa cewa akwai ƙasar da ake taɓa agogo?

Kuma abin ya yi aiki. Duk watan Satumba zuwa Oktoba kullum ta ɗauki labaran yamma ba ta yi latti ba. Hoton ƙarami ne kamar tafin hannu, yana ɗan tsalle, cikinta kuma ba ya ɗaukar fiye da awa guda sai an goge na jiya, amma murya tar. Zacchaeus har tafiyarsa ta sake.

Ana haka sai Manga, mai ɗaukar hoto a gidan talabijin ɗin da muke kamawa, ya zo yi wa Madam gaisuwa. Ya ce ai da damina sun bi Mista Philemon gonakin doya a Iware sun ɗauke shi yana bayanin yadda ake ajiye doya kada ta ruɓe, awa guda cur, shi ke magana da Turanci ana fassarawa. Za a sa shirin ranar Lahadin ƙarshen Oktoba, ƙarfe biyar na yamma, sau ɗaya. Madam ta roƙe shi kaset ɗin. Ya ce kaset ɗinsu babba ne, ba ya shiga bidiyon gida, ba a fita da shi, kuma ba su da yawa: da an nuna shiri ake ɗora wani aiki a kansa.

Madam tana da hotunan mijinta na aure da na ofis. Muryarsa ce ba ta da ita ko a kaset ɗin rediyo. Ta gaya min da Turancinta, a hankali don in gane, cewa Victoria ta tambaye ta yadda Daddy yake kiran sunanta, ita kuma ta buɗe baki ta kwaikwaya ta kasa. Ga shi dangin miji sun tsayar da addu'ar tunawa da shi a can garinsu a makon da za a sa shirin, ba ta da ikon ɗagawa. Ta kira Zacchaeus ta danƙa masa makullin gida. Ina tsaye a wurin ta ce masa ba ta roƙon komai sai ya zo ya zauna a gaban abin har shirin ya ƙare. Ya ce, "Yes Ma," yana kaɗa makullin a yatsa.

A hanya na ce masa, "Kai, ka aro bidiyo mai lafiya ka jona shi ma. In lokaci ya yi ka danna jan maɓalli da hannunka. Me zai ci maka?"

"Adda, wannan aikin da ne. Kwamfuta bai taɓa fashi ba ko rana ɗaya."

"Ita ba ta taɓa ba. Kai fa?"

Ya yi dariya ya hau babur.

Ranar Lahadin, bayan an tashi daga coci, ya je gidan ya duba batir, ya duba eriya, ya buga mata umarni: ƙarfe biyar, awa guda. Yana fitowa ya sha iska sai ga Baba Job, dattijon wata coci a Iware, a kan babur yana nemansa ruwa a jallo. Ranar godiyar kaka ce a wurinsu, baƙi sun cika, lasifika ta mutu. Ina dawowa daga taron zumuntar mata na gan shi yana ɗaure jakar kayan aiki a bayan babur a ƙofar gidan Madam.

"Ina za ka?"

"Iware ne kawai, Adda. Yanzu zan dawo."

"Matar nan ta ce ka zauna."

"In na zauna me zan yi? In riƙe mashi hannu? Injin ya san aikinsa."

Na kira shi da sunan da uwarmu ke kiransa in ranta ya ɓaci, bai waiwayo ba. Na tsaya ina kallon ƙurarsa, raina yana tafasa. Da na san yadda ake taɓa abin nan da na shiga na zauna da kaina, amma makullin ma yana aljihunsa.

Lasifikar Iware ta tashi, aka yi godiya, aka cika masa buhu da doya. Daga nan wani ya ce rediyonsa, wani ya ce agogon bango. Sai da rana ta faɗi ya iso Jalingo. Ya buɗe falo ya ga 'yar fitilar kwamfuta tana ƙiftawa, alamar tana kan ɗauka, alhali ya kamata ta gama tun ƙarfe shida. Ya tambaye ta lokaci. Ta ba shi amsa da awa guda baya da agogon hannunsa. Ya tsayar da ita ya buɗe abin da ta ɗauka, ya ga sunayen ma'aikata suna hawa sama, irin na ƙarshen shiri. Bai jira ba. Ya kashe, ya fita a guje ko ƙofa bai ja ba, sai maƙwabci ne ya rufe.

Makon nan ban taɓa ganin irinsa ba. Litinin da sassafe yana ƙofar gidan talabijin. Manga ya ce ya yi haƙuri, an riga an fita da kaset ɗin ɗaukar wani taro. Daga nan ya shiga gari. Duk gidan da ya taɓa gyara wa bidiyo ya buga musu ƙofa, Barade, Yelwa, gidajen ma'aikata, har masu shagon haya na kaset. Ko kun ɗauki shirin manoma? Wasu su yi dariya, wa zai ɓata kaset a kan doya? Wasu su ce sun dai kalla, Allah ya ji ƙan mutumin, ya yi magana mai kyau. Wannan ta fi yi masa ciwo, don duk gari an ga abin, banda mai shi. Ya koma Iware ko wani ya ɗauki muryar a rediyo. Alisabatu ta ce tuwon ma da yake ci a tsaye ya daina ci. Ni kuwa na shirya masa maganganu cike da baki, da na ga yadda idonsa ya faɗa sai na haɗiye rabinsu.

Da Madam ta dawo ya zo shagona ya tsaya a bakin ƙofa.

"Adda, ki raka ni. Ba zan iya shiga ni kaɗai ba."

Muka je da rana tsaka. Ta tarbe mu da fara'a, har ta sa Victoria ta yi wanka ta sa rigar coci don za ta ga Daddy. Zacchaeus ya tsaya a tsakiyar falo ya faɗi komai da guntun Turancinsa, bai ɓoye Iware ba. Ya ce abin da bai gane ba shi ne yadda agogon ya koma baya da kansa. Ta tambaye shi wane gari ya sa wa kwamfutar. Ya ce Landan. Ta rufe ido. Ta ce wanta yakan gaya mata, a can in sanyi ya kusa shiga sukan mayar da agogon ƙasar gaba ɗaya baya da awa guda, a ranar Lahadin ƙarshen Oktoba. Da zafi lokacinsu ɗaya da namu, shi ya sa bai ga bambanci ba. Kwamfutar ba ta yi kuskure ba, mutanen garinta ta bi.

Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mana sauƙi. Ta ce da ya zauna da ya gani da idonsa shirin ya fara. Ya ce haka ne. Ya ajiye makullin a kan tebur ya fara ja da baya, yana cewa zai sake komawa wurin Manga, zai je Yola ko akwai wani kwafi, zai...

Ta ce masa ya zauna. Kalma biyu ta faɗa da Turanci, da muryar da take yi wa ɗalibai, har ni na nemi kujera. Ya zauna a gaban kwamfutar. Ta ce ko me ta ɗauka, ya sa mata ta gani.

Ya buga. Hoto ya fito, ɗan ƙarami, sunaye suna hawa sama. Ashe ranar ma tashar ba ta fara shirin a kan lokaci ba, an ɗauke wuta sun tsaya jiran janareta, shi ya sa wutsiyarsa ta shigo cikin ƙarfe shida. Kuma a bayan sunayen nan hoto ne mai motsi. Ga gonar doya, ga manoma sun kewaye wani dogon mutum, suna ɗora masa doya a hannu ɗaya bayan ɗaya har ta kai masa haɓa. Ya jefa kai baya yana dariyar nan tasa. Victoria ta ruga ta manna fuska a allon.

Sai muryarsa ta fito tar, da Hausarsa ta 'yan Kudu: "Ya isa, ya isa, na gode! Ku bar ni ni tafi. Madam na yana jira na, abinci zai yi sanyi."

Manoman suka kwashe da dariya, hoton ya yanke, aka shiga wani shirin raye-raye. Duka bai kai tsawon addu'ar cin abinci ba. Awa guda ta bayaninsa da Turancin da matarsa da 'yarsa za su ji ta tafi har abada, kuma ƙanena ne ya ɓatar da ita. Ban yafe masa wannan ba a lokacin, ko da hawaye ke zuba a fuskata.

Madam ta ɗauke ido daga allon. Ta ce ba ta san yana jin Hausa haka ba, a gida bai taɓa yi ba. Sannan ta juya ga Zacchaeus ta tambaye shi me ya ce.

Ya dube ni, na kawar da kai, don wannan kayan nasa ne. Ya fassara mata a hankali: ya ce su bar shi ya tafi gida, Madam ɗinsa tana jiransa, kada abinci ya huce.

Ta sa hannu biyu ta toshe bakinta. Da ta sauke su, ta ce ya sake sawa.

A duk Jalingo ba wanda ya san abin da ake bugawa a baƙin allon nan hoton ya dawo farko sai shi. Ya buga, Mista Philemon ya yi dariya ya nemi tafiya gida. Ta ce a sake. Victoria ta hau cinyar uwarta tana maimaita Hausar da ba ta san ma'anarta ba. Wani ya yi sallama a waje yana neman mai gyara, an ce masa babur ɗinsa yana nan, talabijin ɗinsu ya ƙi kamawa. Na ga ƙafar Zacchaeus ta motsa a ƙarƙashin tebur. Bai tashi ba, bai ko juya ba. Ni na fita na ce wa mutumin ya dawo wata rana.

Da na komo inuwa ta riga ta cika tsakar gida. Madam ta ce a sake, ya sa yatsa ya buga.